Ɗana mai shekara 16 yana so ya bar SHS ya tafi koyon gyaran mota: me doka ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Aboabo, nan Kumasi. Ɗana shekararsa 16, yana aji biyu a SHS, wato babbar sakandare. Ya kafe shi ya gaji da karatu, Magazin ɗin Suame, unguwar garejin bakanikai, yake so ya je ya koyi gyaran mota. Babansa ya ce a ƙyale shi. Wata maƙwabciyata kuma ta ce gwamnati za ta iya kama mu. Daga shekara nawa doka ta yarda yaro ya bar makaranta, kuma yaya ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sanya masa albarka.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Tunda ya gama JHS, wato ƙaramar sakandare, babu wanda zai kama ki ko babansa don ya bar SHS. Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba, domin a idon doka ɗanki yaro ne har sai ya cika 18, kuma dokar da ba ta tilasta masa zama a aji ba ta sa ido ƙwarai a kan inda zai shiga idan ya fito.

A Ghana ba a yanka wata shekara ɗaya aka ce daga nan yaro na iya ajiye karatu ba. A Amurka kowace jiha da tata, galibi daga 16 zuwa 18. A Ingila yaro na iya barin makaranta a 16, amma dole ya ci gaba da wani karatu ko horo har 18. Mu a nan matakin karatu ake dubawa. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce ilimin tushe kyauta ne kuma dole ne ga kowa. Da ya zo kan sakandare sai ya sauya harshe: ya ce a samar da ita, a sauƙaƙa wa kowa shigarta, a mayar da ita kyauta sannu a hankali. Bai ce dole ba. Dokar ilimi ta 2020, mai lamba 1049, ta fayyace ilimin tushe: shekara 2 na KG (ajin share fage kafin firamare), shekara 6 na firamare, shekara 3 na JHS, jimla 11. Yaron da aka sa KG yana ɗan shekara 4 zai zauna BECE, jarrabawar gama JHS, yana wajen 15. Shirin SHS kyauta da ya fara a Satumbar 2017 ya ɗauke kuɗin makaranta ne, bai mayar da SHS tilas ba.

Wannan bambanci yana da muhimmanci a zangonninmu, inda yara da yawa ke fara boko a makare, wasu sai sun yi nisa a makarantar allo. Yaro ɗan shekara 16 da ke aji biyu na JHS da ɗanki da ke aji biyu na SHS shekarunsu ɗaya, amma hukuncinsu daban. Na farkon bai gama karatun dole ba. Idan iyayensa suka cire shi, ana iya kiransu gaban kwamitin Asambli da ke kula da jin daɗin jama'a, idan suka ƙi bin abin da aka tsayar sai maganar ta kai kotu. Dokar yara ta 1998, mai lamba 560, ita ma ta hana kowa toshe wa yaro hanyar ilimi, kuma hukuncin saɓa wa wannan ɓangare nata tara ne ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun. Ina jin nan maƙwabciyarki ta samo maganarta. Ta yi gaskiya a kan JHS, amma ba ta shafi ɗanki ba. A lura kuma da abu ɗaya: yaro ya ce ya gaji daban, uba ya cire yaron da ke son karatunsa don ya zo ya tsare masa shago daban. Na biyun hana yaro ilimi ne, kuma yaron ko duk wani babba na iya kai ƙara ofishin jin daɗin jama'a ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ.

Yanzu ga inda doka 560 ta shafe ku kai tsaye. Ta jera shekaru uku. Daga 13 yaro na iya yin aiki marar nauyi, wanda ba zai cutar da lafiyarsa ba kuma ba zai hana shi zuwa makaranta ba. Daga 15 ana iya ɗaukarsa aiki. Aiki mai haɗari kuwa sai 18, kuma dokar ta ambaci irinsa da suna: shiga teku, haƙar ma'adinai da fasa dutse, dakon kaya masu nauyi, masana'antar da ake haɗa sinadarai ko ake aiki da su, wurin da ake aiki da injina, da mashaya da otal da wuraren shaƙatawa inda tarbiyyar yaro za ta iya lalacewa. Aikin dare ma haramun ne ga yaro, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Wanda ya saɓa wa wannan ɓangare yana fuskantar tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2. Kin ga ke nan galamsey, wato haƙar zinariya ba da izini ba, ta fita, dakon kaya a Kejetia ya fita. Tuƙin keke mai ƙafa uku, pragya ko aboboyaa, wanda shi ne ke jan samarinmu da yawa daga aji saboda kuɗin yau da yau, shi ma ya fita, don hukumar DVLA ba ta ba wanda bai kai 18 ba lasisi. Ranar da ya yi hatsari ba lasisi, iyaye da mai abin hawan ne za su sha wahalar.

Koyon sana'a yana da nasa babi a dokar, kuma ya ba ɗanki dama. Sashe na 98 ya ce yaro na iya shiga hannun mai sana'a yana ɗan shekara 15 ko bayan ya gama ilimin tushe. Ɗanki ya cika duka biyun. Amma dokar ta ɗora wa masta, wato mai koyar da sana'ar, nauyi da yawancin iyaye ba su sani ba. Dole ya koya wa yaron aikin iyakar saninsa. Shi ke da alhakin duk wani rauni da yaron ya ji a wajen koyo. Zai ciyar da shi, sai dai in an yi wata yarjejeniya dabam. Zai samar masa wurin aiki mai lafiya, ya kuma kula da tarbiyyarsa. Iyaye ko dangi ne ke ƙulla yarjejeniyar da masta, ba yaron ba, kuma idan ya gama masta zai ba shi takardar sallama. In rigima ta taso, jami'in ƙwadago na gunduma ake kai wa.

Dokar ta yarda a yi yarjejeniyar bisa al'adar sana'a, ba ta ce lallai sai a rubuce ba. Ni shawarata a rubuta, ko da masta ɗan'uwan babansa ne na jini. Galibin rigingimun koyon sana'a daga abin da ba a rubuta ba suke tasowa: an ce shekara uku, yaro ya shiga ta biyar ba a yaye shi ba; an biya kuɗin shiga, ranar yaye aka kawo wani lissafi da ba wanda ya ji shi a farko; yaro ya shekara ana aikensa sayen abinci da wanke kayan aiki bai taɓa kwance inji ba. Takarda ɗaya ta isa. A sa ranar farawa da ranar gamawa, kuɗin shiga da na yaye da duk abin da za a kawo tare da su, wanda zai sayi kayan aiki, kuɗin abincin rana, lokacin tashi, ranar hutu da lokacin sallar Juma'a, da wanda zai biya asibiti. Masta ya sa hannu, babansa ya sa, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi. A sabunta masa katin inshorar lafiya na NHIS kafin ya fara.

Ki tuna kuma da jerin ayyuka masu haɗari da na ambata. Magazin wuri ne na injina, walda, fentin feshi da ruwan batir. Izinin koyon sana'a a 15 bai share wancan jerin ba. Kafin ya kai 18 a gaya wa masta ƙarara cewa ba a yarda a tura shi ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai ba, ba walda ba tare da gilashin ido ba, ba feshi ba tare da abin rufe hanci ba, ba kwana a gareji. Mastan da ya ji haushin wannan magana ba shi ya kamata a damƙa wa yaro ba.

Wannan shi ne abin da doka ta ce. Amma kin tambaye ni abin da ya kamata ku yi, kuma a nan ba zan ɓoye miki ra'ayina ba. Yaron da ke aji biyu na SHS ya riga ya ci fiye da rabin hanya ko kusa da haka. Abin da ya rage masa bai kai shekara biyu ba. Magazin tana nan ba inda za ta je, za ta karɓe shi yana 18 kamar yadda za ta karɓe shi yau, kuma a lokacin babu aikin da doka za ta hana shi. Kujerarsa ta kyauta a SHS kuwa ba ta jira haka. Gyaran mota ma ya sauya: motocin yanzu da kwamfuta ake gano ciwonsu, bayanan da na'urar ke fitarwa da Turanci suke, kuma bakaniken da ke iya karanta zanen wayoyin lantarki ya fi wanda ke aiki da kunne kaɗai samun manyan ayyuka. Sannan yawancin ɗaukar ma'aikata na gwamnati, da kwalejin malamai da ta jinya, duk WASSCE, jarrabawar gama SHS, suke tambaya.

Saboda haka kafin a yanke hukunci a nemo dalilin. "Na gaji" ba kasafai take zama ainihin maganar ba. A sa wanda yaron ke sakin jiki da shi, kawunsa ko malaminsa na Islamiyya, ya zauna da shi ba a gaban babansa ba. Abubuwan da aka fi samu a ƙasan wannan magana kaɗan ne, kuma kusan kowanne yana da magani da bai kai barin makaranta ba.

Na farko kuɗi. Gwamnati ta ɗauke kuɗin koyarwa da na jarrabawa da abincin 'yan kwana, amma kuɗin mota, guzuri, sabulu da darasin ƙari suna kan iyaye, kuma yaro mai kunya ya gwammace ya ce ba ya so da ya ce ba shi da shi. Na biyu, an sa shi a fannin da ba ya ganewa. Yaron da hannunsa ke son ƙarfe aka jefa shi ajin adabi ko kasuwanci, dole ya ga zaman banza yake yi. Irin wannan yaro makarantar fasaha ta dace da shi, kamar Kumasi Technical Institute, inda ake koyar da aikin mota a matakin sakandare kuma a fita da takarda. Makarantun fasaha na gwamnati su ma suna cikin tsarin kyauta. Sauya makaranta a tsakiyar karatu ba abu ne mai sauƙi ba, ya danganta da gurbi da amincewar hukuma, amma a tambaya kafin a ce ba zai yiwu ba. Na uku, cin zalin manyan ɗalibai a ɗakin kwana, wanda yara maza ba sa faɗa don kada a ce musu ragwaye. Wani lokaci mayar da yaro jeka-ka-dawo kaɗai ke kashe maganar. Na huɗu, takura a kan salla ko azumi. A 2021 hukumar ilimi ta GES ta umarci makarantu su bar ɗalibai su yi azumin addininsu idan iyaye sun rubuto takarda, don haka wannan abu ne da ake kai wa hedimasta a rubuce. Na biyar shi ne wanda iyaye ba sa son ji: abokai, caca a waya, ko ƙwaya irin su tramadol. Idan wannan ne, Magazin ba za ta gyara shi ba, za ta ba shi kuɗi a hannu ne da ƙarancin sa ido.

Ki je makarantar da kanki, ke da babansa in zai yiwu. Ku nemi malamin ajinsa da malamin da ke ba ɗalibai shawara, ku ga rajistar zuwansa da sakamakonsa na zangunan baya. Sau da yawa a nan iyaye ke gano yaro ya daɗe da daina shiga aji. Akwai kuma hanyar tsakiya da ke aiki ga yara da yawa: ya ci gaba da karatu, ranar Asabar da lokacin hutu ya je gareji. Wata uku na ɗaukar taya a rana yakan nuna ko son sana'ar ne da gaske ko gudun aji ne.

Idan an yi duk wannan ya tsaya a kan bakansa, to a fita ta ƙofa. Babban kuskuren da ake yi shi ne yaro ya daina zuwa kawai, makaranta ta gaji ta cire sunansa a matsayin wanda ya gudu. Babansa ya rubuta wa hedimasta takarda mai kwanan wata, ya faɗi dalili, ya nemi a ɗaga masa karatun na shekara ɗaya maimakon a cire shi gaba ɗaya, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ba lallai a amince ba, amma takardar ce za ta yi muku magana ranar da ya ce zai koma. Ku mayar da littattafai da kayan makaranta, ku karɓo sakamakonsa na duk zangunan da ya yi da takardar shaidar hali. Ku je JHS ɗinsa ku karɓo satifiket ɗin BECE idan har yanzu yana can, domin daga yau ita ce babbar takardarsa. Ku adana lambar jarrabawarsa da takardar da aka tura shi SHS da ita.

Ku duba sunansa da ranar haihuwarsa a kan BECE, takardar haihuwa da Ghana Card, su zama iri ɗaya harafi da harafi. Wannan matsala ta addabi yaran zango: Mohammed a nan, Muhammed a can, Mahamadu a wata takardar, ko an sa sunan kaka a ɗaya an bar shi a ɗaya. Gyaran yana da sauƙi yanzu, yana da wuya ranar da ake neman aiki ko fasfo.

Hanyar komawa tana nan ko bayan shekaru. Hukumar WAEC na shirya WASSCE ta masu zaman kansu, wadda aka fi sani da Nov/Dec, kuma ba sai mutum yana wata makaranta ba. Amma a san bambancin. Ɗalibin makaranta yana da kashi 30 cikin 100 na makinsa daga aikin aji, jarrabawar ƙarshe kashi 70. Mai zaman kansa jarrabawar ce kaɗai, kuma shi zai biya kuɗin rajista da na darasi. Maki yana tafiya daga A1 zuwa F9. Digiri a jami'a yana buƙatar aƙalla C6 a darussa shida, uku na dole da suka haɗa da Turanci da lissafi, da uku na zaɓi. Turanci da lissafin nan su ne ke kayar da waɗanda suka daɗe da barin aji, don haka ko yana Magazin a sa shi darasin yamma na waɗannan biyun kada hannunsa ya yi sanyi. Wanda ya kai 25 kuma jami'o'i na da ƙofar manyan ɗalibai, da jarrabawar shiga tasu. A ɓangaren sana'ar kanta, kada ya tsaya a takardar sallamar masta. Ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta gwamnati, wadda aka daɗe da sani da NVTI, yanzu kuma tsarin takardun sana'a yana ƙarƙashin hukumar CTVET. Ita ce kamfani ko ma'aikatar gwamnati za ta gane.

Tunda wasu iyayen za su karanta wannan saboda 'ya'yansu mata, ga abu biyu. Sashe na 14 na doka 560 ya sa 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, kowane irin aure ne, kuma ya hana tilasta wa yarinya baiko. Cire yarinya 'yar 16 daga SHS don a aurar da ita laifi ne, ko da SHS ba dole ba ce. Na biyu, ciki ba ya korar yarinya daga makaranta. Tun 2018 GES ta fitar da ƙa'idar da ta ba ta damar ci gaba da zuwa aji, ta tafi haihuwa, ta dawo makarantarta ko a nema mata wata. Shugaban makarantar da ya ce ba haka ba, a wuce shi zuwa ofishin ilimi na gunduma, akwai jami'ar da ke kula da karatun 'ya'ya mata.

Abu na ƙarshe ya shafi babansa. Barin makaranta bai sauke masa nauyin ɗansa ba. Ci, sutura, wurin kwana da magani suna kansa har yaron ya kai 18, ko yana aji ko yana gareji, kuma ɗan koyo ba albashi yake ɗauka ba, sai ɗan abin da masta ya miƙa masa. Kuɗin motar zuwa Suame kullum da na kayan aiki sukan kai abin da ake kashewa a kan ɗan makaranta, don haka ku zauna ku yi lissafin wata guda a takarda kafin a kai shi. In aka samu saɓani a kan wanda zai ɗauki nauyin, ofishin jin daɗin jama'a na Asamblin Asokore Mampong, wadda Aboabo ke ƙarƙashinta, yana zaunar da iyaye a sasanta. In abin ya faskara sai kotun iyali, wadda ke da ikon ci gaba da umarnin ciyarwa har bayan 18 muddin yaron yana karatu ko koyon sana'a.